Ajiya Maganin Wata Rana: Nasiha ga Matasa Masu Tara Wasannin Kwamfuta



Bara, bayan Babbar Sallah, mahaifiyarmu ta sa aka kwashe tarkacen da ke ɗakin soro na tsohon gidanmu domin za a yi yaɓe. Cikin kayan aka jawo wani kwalin taliya da na ɗaure da robar tayar keke wajen shekara goma sha biyar da suka wuce. Tun kafin a kwance na san abin da ke ciki: PlayStation 2 ɗin da na saya da kuɗin adashe, fad guda biyu, da fayafai kusan arba'in. Na sunkuya na ɗauka da ɗoki irin na wanda ya hangi abokin makarantar allo a tasha. Ina ɗagawa gindin kwalin ya zube. Gara ta shiga ta ƙasa, ta bi duk wata takarda da ke cikin gidajen fayafan ta mayar da ita turɓaya. Waɗanda na jibga tsirara, ba gida, sun manne da juna. Na ɓamɓaro ɗaya na ɗaga shi wajen taga, sai na ga haske yana ratsa shi ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi kamar an bi shi da allura. Na'urar ta kawo wuta, ta yi ƙugi, amma ko faifai ɗaya ta ƙi karantawa.

Abu ɗaya ne ya tsira: memorin nan mai megabait 8, wanda don tsananin son da nake masa na naɗe a leda, na jefa cikin gwangwanin alawa na rufe. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya soka a tasa na'urar, sai ga ƙungiyar ƙwallona ta Master League ta fito, har da 'yan wasana Castolo da Minanda da na ƙi sayarwa saboda sabo. Ina cikin dariya ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, in kana son abin nan, a kwafe maka shi yau. Wannan da ka gani sa'a ce kawai ka taka."

Maganarsa ce ta zaunar da ni rubuta muku wannan. Yawancinku kun fi ni kayan wasa nesa ba kusa ba. Wani yana da fayafai jere a kanta, wani nasa na cikin waya, wani yana da wasanni ɗari a asusun Steam ko na PlayStation. Kuma kusan dukanku kuna tafe da zaton da na yi, wai abin da aka ajiye aka manta da shi yana nan yana jiran mai shi. To, ba ya jira. Tun ranar da kuka rufe shi ya fara tafiya.

Murhu mai duwatsu uku

Dara ba ta taɓa bukatar ma'ajiya ba. Mai son dara ya tona gurabe talatin a ƙasa, ya karyo tsinke goma sha biyu, abokinsa ya tsinto ƙananan duwatsu goma sha biyu, wasa ya tashi. Langa ma ƙafa kawai take bukata da fili. Muddin akwai yaro ɗaya da ya iya, ya kuma koya wa ƙaninsa, wasan yana raye.

Wasan kwamfuta kuwa tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku. Dutse na farko shi ne abin da wasan ke zaune a ciki, faifai ne, ko kaset, ko ma'ajiyar waya da kwamfuta. Na biyu shi ne na'urar da ta san yadda za ta karanta shi. Na uku, wanda ya fi sauran ɓoyuwa, shi ne izinin kamfanin da ya yi shi. Ko wanne aka zare, tukunya ta kife.

Don kada ku ɗauka tsoratarwa ce irin ta manya, ga lissafi. A watan Yulin 2023 wata gidauniya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Kashi 13 kacal mutum zai iya shiga shago, na fili ko na intanet, ya saya sabo. Wannan fa a ƙasar da ke da manyan kamfanonin, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakunan ajiya masu sanyi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dutse na farko

Faifai roba ce mai haske, an shimfiɗa mata wani siririn ƙarfe, galibi alminiyam, wanda hasken na'ura ke duka ya dawo da bayani. In iska da laima suka sami hanyar isa ga ƙarfen, sai ya soma ci, abin da masu ajiya ke kira ruɓewar faifai. Ƙofofin da na gani a nawa ke nan. A faifan CD, irin na PlayStation ta farko, ƙarfen yana daf da bayan faifan, wato gefen da ake buga suna da hoto. Saboda haka ƙarzanen da aka yi ta sama ya fi na ƙasa ɓarna, ko da yake mu duka ƙasan muke lallaɓawa. A DVD kuwa an dunƙule ƙarfen tsakanin roba biyu, ya ɗan fi samun kariya. Fayafan da ake ƙonawa a shago su ne suka fi rauni, domin bayaninsu a jikin wani irin rini yake, rini kuwa rana da zafi suna kashe shi.

Kulawar ba ta da tsada. Kowane faifai ya zauna a gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani. A riƙe shi ta baki da ramin tsakiya. In za a goge, a sa tattausan ƙyalle a ja daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi da zagaye, domin ƙarzanen da ya bi layin bayani shi ne na'ura ba ta iya tsallakewa. Kada a rubuta masa suna da biro, kada a manna masa takarda.

Masana ajiya sun fi so kada zafin ɗakin fayafai ya wuce digiri 20. Mu kuwa da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, mun san wannan ba namu ba ne. Amma rashin samun duka ba ya sa a bar rabi. Ku nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gida, nesa da taga, nesa da rufin kwano. Ku sa kayan a akwatin roba mai murfi, ku ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. 'Yan ƙunshin ƙwayoyin nan da kuke samu a kwalin sabon takalmi kuna zubarwa, aikinsu shan laima ne, ku tara su ku zuba a ciki.

Kaset ya fi faifai ƙarko, amma shi ma da nasa ciwon. Duk wanda ya buga rawayen kaset ɗin nan da ake rubuta wa wasanni dubu-dubu alhali biyar ne suke maimaita kansu, ya san al'adarmu: in ya ƙi kamawa a cire a hura masa iska da baki. Ashe tururin bakin ne ke sa haƙoran kaset ɗin tsatsa a hankali. Abin da ke sa ya kama shi ne cirewa da mayarwar, ba hurawar ba. Sa'annan kaset da yawa suna ɗauke da ɗan batir mai faɗi irin na agogo, shi ke riƙe da inda mai wasa ya tsaya. Pokémon Gold da Silver, waɗanda suka fito a Japan a 1999, suna da agogo a ciki da ke shan batirin dare da rana. Mutane da dama sun dawo bayan shekaru suka tarar duk dabbobin da suka tara a ƙuruciya sun shafe. Kuma ko da batirin bai mutu ba, ranar da aka cire shi don a sa sabo bayanin zai tafi, sai fa in an riga an kwafe shi da na'urar da ake yin haka.

Kada masu filas da memorin waya su yi mana dariya. Su ma bayaninsu caji ne ɗan mitsitsi da aka tsare a ciki, kuma yana yoyo a hankali in an bar su shekaru ba a jona su ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa, filas ya nuna maka gigabait 128 alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, yana shafe na farko yana ɗora na baya, sai ranar da ka nema ka tarar da sunaye kawai. Duk sabon filas, ku cika shi taf, ku sake buɗe abin da kuka zuba ku gani, kafin ku ba shi amana.

Dutse na biyu

Ko faifai ya kai shekara ɗari lafiya lau, in babu na'urar da za ta karanta shi ya zama madubi. Na'ura kuwa tana mutuwa ko ba a taɓa ta ba. Batirin da aka manta a cikin Game Boy ko rimot yakan fashe, ya zubo farin gari mai cin ƙarfe. Batirin PSP yakan kumbura har ya ture murfi. Xbox ta farko, wadda ta fito a 2001, tana da wata 'yar kafasita da ke riƙe mata lokaci, wadda ta yi ƙaurin suna wajen yoyo a kan allon na'urar tana cinye layukansa. Masu tara irinta sukan buɗe su cire ta tun kafin ta yi ɓarna.

Mu kuma muna da ƙarin jarrabawa biyu. Ta farko wuta. Na'urorin gwanjo da aka yi don Amurka ko Japan da yawa an gina su a kan wuta mai ƙarfin 100 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce. Ku karanta bayan na'ura kafin ku soka, in ta bukaci abin rage wuta ku saya mata. Kuma in an ɗauke wuta ku zare soket, domin dawowarta ce ke kisa. Ta biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka ta zauna a kan idon da ke karanta faifai. Ku rufe na'ura da ƙyalle in ba a aiki da ita, ku zare duk wani batir kafin ajiya, ku riƙa fito da ita ko sau biyu a shekara ku kunna ta. Wayoyinta ma ku haɗa su wuri ɗaya da ita. Talabijin na yanzu da yawa ba su da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, wata rana wayar da abin da zai haɗa ta da sabon talabijin sai sun fi na'urar wuyar samu.

Amma komai kulawa, ƙarfe da roba suna da wa'adi. Shi ya sa masu hangen nesa suka koma rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura a cikin sabuwar kwamfuta. Wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara irin wannan aiki a 1997 da manhajar MAME, don kada wasannin manyan akwatunan gidajen wasa su bi akwatunansu zuwa bola, har yau kuma masu sa kai suna ci gaba da ita. A ƙarshen Disambar 2020 kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, wadda dubban ƙananan wasannin da ake bugawa a shafukan intanet suka dogara da ita. Da ba don wasu 'yan sa kai sun riga sun tashi da aikin da suka kira Flashpoint ba, suka kwashe wasanni sama da 100,000, da yawancinsu sun tafi ke nan. Haka a 2017, da Apple ya fitar da iOS 11, tsofaffin manhajoji da yawa da masu su ba su sabunta ba suka daina buɗewa. Ba wanda ya goge su, ƙasa ce kawai aka janye daga ƙarƙashin ƙafarsu.

Dutse na uku

A nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai, domin nan ne zamaninku ya bambanta da nawa. Lokacin da kuka danna "saya" a shagon intanet, abin da kuka biya wa kuɗi lasisi ne, wato izinin amfani. Wasan yana nan na kamfani. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa irin waɗannan shaguna su fito fili su gaya wa mai saye haka, Steam ma a shekarar ya fara rubuta sanarwar a wurin biya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ku duba abin da ya sami The Crew, wasan tseren mota da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014. An gina shi ta yadda ba ya tashi sai ya gaisa da kwamfutocin kamfani ta intanet. A Disambar 2023 aka daina sayar da shi, ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe waɗannan kwamfutoci. Daga ranar, hatta wanda ke riƙe da faifansa na asali, sabo fil ba ƙarzane, ba shi da abin da zai buga. Wannan ne ya fusata wani mai shirye-shirye a YouTube, Ross Scott, ya kafa gangamin Stop Killing Games, wanda ya kai ga an tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya a ƙasashen Tarayyar Turai a 2025, suna neman a hana kamfani kashe wasan da ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Ba The Crew kaɗai ba ne. Konami ya janye wasan P.T. daga shagon PlayStation a Afrilun 2015, ya kuma toshe hanyar sake sauke shi, har na'urorin da wasan ya rage a cikinsu suka yi tsada a kasuwar gwanjo. Google ya rufe dandalin wasanninsa na Stadia a Janairun 2023. Ya mayar wa mutane kuɗinsu, amma tun da wasannin ba su taɓa sauka a na'urar kowa ba, ba wanda ya tsira da ko ɗaya. Nintendo ya rufe shagon 3DS da Wii U ranar 27 ga Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Wanda ya riga ya saya an bar masa damar sake saukewa, amma wasannin da ba su taɓa fitowa a faifai ba, sabon mai so ba shi da inda zai same su.

Akwai kuma maganar gado, wadda mu ba ma wasa da ita. Faifan da mutum ya bari dukiya ce, magada za su raba, ko su sayar, ko su kyautar. Asusun Steam kuwa ƙa'idarsa ta ce na mutum ɗaya ne, ba a sayar da shi, ba a mayar wa wani. Mutum zai iya zuba dukiya mai yawa a ciki cikin shekara ashirin, a rasa abin da za a sa a lissafin gado.

Ban ce ku daina saye ta intanet ba, sau da yawa ma ita ce kaɗai hanyar da muke da ita. Cewa nake ku san abin da kuke saya. Kafin ku biya, ku bincika ko wasan yana tashi ba tare da intanet ba. In wasa ɗaya yana shago biyu, ku fifita wanda zai ba ku fayil ɗin girkawa ku ajiye a hannunku, kamar yadda shagon GOG na ƙasar Poland yake yi tun 2008. In kun ji za a rufe shago, ku sauke duk abin da kuka saya tare da gyare-gyarensa kafin ranar. Sunan asusu, da imel ɗin da aka buɗe shi da shi, da lambobin farfaɗo da shi, ku rubuta a takarda ku adana inda kuke adana takardun makaranta. Asusu nawa ne suka salwanta don kawai an sace waya ko an rufe layi?

Darasin masu gafaka

Yanzu ku tambayi kanku yadda aka yi littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u suka iso gare mu, a ƙasar gara da gobara da damina. Takardarsu ba ta fi ta kowa ƙarfi ba. Almajirai ne suka yi ta juyar su da hannu, wannan ya kwafa ya tafi da nasa Kano, wancan ya kai nasa Yola, kowa ya sa a gafaka ya rataye. In na wani ya ci wuta, na wani yana nan. In takarda ta tsufa, a sake juya ta a sabuwa kafin ta mutu.

Masu ajiyar bayanai na zamani ba su zo da abin da ya wuce wannan ba, lamba kawai suka sa masa: uku, biyu, ɗaya. Kwafi uku na duk abin da kuke ji da shi. A kan ma'ajiya iri biyu, misali ɗaya a had dis, ɗaya a rumbun intanet. Ɗaya daga ciki kuma ya kasance ba a gidanku ba, ko da gidan yayarku ne a wata unguwa, domin ɓarawo da gobara da ambaliya ba sa zaɓe, ɗaki suke kwashewa gaba ɗaya. Ku sa wa kanku rana a shekara, ko bayan Ƙaramar Sallah ne, ku buɗe kwafin ku tabbatar yana tashi. Duk bayan shekara huɗu ko biyar ku kwashe komai zuwa sabuwar ma'ajiya tun tsohuwar tana da lafiya. Ku fara da abin da ba a sayarwa a ko'ina, wato inda kuka tsaya a wasa, da hotuna da bidiyon da kuka ɗauka, da abin da kuka gina da hannunku. Ku kuma buɗe ɗan littafi ku rubuta abin da kuka mallaka: sunansa, na'urarsa, inda yake, da ranar da kuka gwada shi ta ƙarshe.

Kada wani ya fake da wannan ya ce na halatta masa satar aikin mutane. Wasa guda yakan ci gumin ɗaruruwan ma'aikata shekaru, haƙƙinsu ne a biya su. Tsare abin da ka mallaka daban, kwasar na wani kana rabawa daban.

Abin da ba mai ajiye mana

Na san wani zai ce, duk wannan wahala a kan wasa? Haka aka ce da finafinan farko na Amurka, marasa magana. An ɗauke su abin kallo na mako guda, aka narkar da wasu don a cire azurfar da ke jikinsu, wasu suka ƙone a rumbuna. Da Laburaren Majalisar Amurka ya yi ƙidaya a 2013, ya tarar kashi 70 cikin ɗari na manyan finafinan wancan zamani sun ɓace gaba ɗaya. Mu ma ba sai mun je nesa ba. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau shekara talatin ne da 'yan kai, amma ku je ku nemi kaset mai kyau na finafinan Hausa na farko ku ga yadda za ku sha yawo.

Wasu ƙasashe sun farga. Tun 1992 dokar Faransa ta sa wasannin kwamfuta cikin abin da ake kai wa babban laburaren ƙasa ya ajiye. A birnin Rochester na jihar New York akwai gidan tarihi na The Strong, wanda ya tara dubban wasanni da na'urori da takardun waɗanda suka ƙirƙiro su. Waɗannan za su ajiye Mario da Tetris ko da mu ko ba mu.

Amma ba za su ajiye gidan gem na unguwarmu ba. Ba su san benci biyu da talabijin mai ƙeya da janareta a bakin ƙofa ba. Ba su san dokar wanda aka ci ya tashi ba, ko yadda ake rigima a kan wa zai ɗauki Brazil, ko yaron da ba shi da ko sisi amma ya fi kowa iya ba da shawara daga baya. Ba su san yadda muka riƙa tura wa juna wasannin Java ta bulutut a wayoyin Nokia ba. Wannan tarihinmu ne, in ba ku ɗauki hoto ba, ba ku naɗi muryar mai gidan gem ɗin yana ba da labarin yadda ya fara ba, ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya yi. Haka wasannin da 'yan Afirka ke yi da kansu, irin Aurion da kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ya fitar a 2016, ko na Maliyo Games da ke Legas. Ƙaramin kamfani ya fi babba saurin rufewa, aikinsa kuma ya fi saurin ɓata.

Ku da kuka fara koyon haɗa wasa da kanku, ga labari. Jordan Mechner ya fitar da Prince of Persia a 1989 a kan kwamfutar Apple II. Daga baya asalin rubutun manhajar ya ɓace masa, ya yi shekaru yana nema. A 2012 mahaifinsa yana share kabad ya ci karo da wani kwali, ya aika masa. A ciki aka sami tsofaffin fayafan fulofi masu ɗauke da rubutun. Mechner bai mayar da su kabad ya ce ai sun tsira ba. Ya kira masana da tsofaffin na'urori, suka zauna suka kwashe bayanin, ya ɗora shi a shafin GitHub inda kowa zai iya ɗauka. Mahaifin ya yi ajiya, ɗan ya yi juyi, sai da aka haɗa biyun abin ya tsira.

Wasa dai wasa ne, kada ya ci muku salla, kada ya ci muku karatu, kada ya cinye kuɗin da iyaye ke da haƙƙi a kai. Amma hannun da ya koyi tsare memorin wasa shi ne zai tsare hotunan auren iyayensa, da muryar kakarsa, da takardun gonar gidansu, domin ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya.

Ni dai a ranar na ce wa mai gyaran ya kwafe. Ya yi mini kwafi a filas, na zo gida na ƙara biyu, ɗaya yana wajen ƙanwata a wani gari. Memorin kuma na mayar da shi gwangwaninsa. Ku ma akwai wani kwali da kuka tuna da shi tun kuna tsakiyar karanta wannan. Ku je ku ɗaga shi yau, ku tallafi gindinsa da hannu biyu.